Abin da Kalla Ya Faɗa a Roxy

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo cewa na bar Shamsu tsaye a bakin titi, ga shi na ɗauko shi. Wanda yau ya fara bin labarin, ga inda muke. Shamsuddin yana sayar da caja da rigunan waya a Roxy, cikin Adjamé. Kullum da safe yana buɗe direk a wayarsa, Hausawan Abidjan da na gida suna kallonsa kai tsaye yana zolayar direbobi da masu talla. Ranar Talata gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, ta buge wani mai babur a gaban teburinsa, shi kuwa bai kashe direk ɗin ba. Mai babur ɗin Kalla ne, mahauci a kasuwar Treichville, wanda Shamsu ke kira Yaya. Yau sadakar uku, an aika masa ya zo.

*

Bai kai ga ƙofar gidan ba Alhaji Harouna, shugaban mahautan kasuwa, ya taso daga cikin rumfar makoki ya kama shi a gwiwar hannu. Ya ja shi bayan wata motar kaya da ke ajiye a bakin kwata.

"Sai yanzu?"

"Gada ce ta cushe, Baba."

"Tun ranar Talata take a cushe?"

Shamsu ya sunkuyar da kai. Daga rumfar ana jin liman yana jan addu'a, mutane suna amsawa. Wata maƙwabciya 'yar ƙabilar Baule ta wuce da kwanon shinkafa a kai, ta ce wa Alhaji "yako", gaisuwarsu ta ta'aziyya. Ya amsa mata, ya jira ta shige.

"Ka san abin da ka yi mana?" in ji Alhaji. Bai ɗaga murya ba. "Da labari ya iso kasuwa muka rufe tebura, ni da liman da dattawan layin nama. Muka tsara yadda za mu gaya wa tsohuwar nan, uwar Kalla. Mu ce ya faɗi da babur, yana asibiti. Mu bari ta yi azahar, ta sa wani abu a cikinta. Sai liman ya fara da nasiha a hankali, har ita da kanta ta gane. Haka aka yi wa tawa uwar lokacin da ƙanena ya rasu. Haka muka gada."

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba. Muna shiga muka tarar ta sa an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ta dube mu ta ce, ku zauna, kada ku wahalar da bakinku, na gani. Da furfurata na tsaya a gabanta kamar wanda ya kawo tuwo bayan an wanke hannu."

Shamsu ya taɓa aljihunsa. Wayar tana aljihun gabansa a kashe. Tun ranar Talata bai kunna ta ba, amma yana jin nauyinta a kan ƙirjinsa.

"Samarin layin nama sun so su hau tasin woro-woro su je Roxy su ragargaza maka tebur. Ni na hana. Na ce musu ba ka gane shi ba, jini ya rufe masa fuska. Ko ba haka ba?"

Shamsu ya mayar da idonsa kan kwata.

"Na ce ko ba haka ba?"

"Haka ka ce musu, Baba."

Alhaji ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya kau da ido kamar wanda ba ya son ya ƙara sanin komai.

"To saurara. Tun ranar tambaya ɗaya Inna Tsahara take yi. Ba ta tambayi direban gbaka ba, ba ta tambayi babur ba. So take ta ji ko ɗanta ya cika da kalmar shahada. Ko ruwan kirki ba ta sha. A cikin namu kai kaɗai kake wurin. Za ta tambaye ka, za ka ce eh."

"Baba, ban ji ba."

"Ban tambaye ka abin da ka ji ba."

"Idan na ce eh, shaidar zur na yi a kan mamaci."

"Yanzu ka san zunubi?" Alhaji ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Kalla mai sallah ne, kowa ya sani. Ko bai faɗa da baki ba, ya faɗa a zuci. Kai dai ka ba tsohuwa abin da za ta riƙe ta ci abinci. Ka karya mata zuciya sau ɗaya, ba sai ka ƙara ba."

"Liman ya yarda da haka?"

"Da na fara yi masa maganar, cewa ya yi alwalarsa ta karye, ya tashi. Wuce mu je."

Suna ratsa rumfar hira ta ɗauke. Wani saurayi mai tabon wuƙa a hannu ya ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, "A gyara zama, ɗan jarida ya iso." Babu wanda ya yi dariya.

Shamsu yana tafe yana tuna ranar da nasa uban ya rasu a Maradi. Kalla ne ya zo Roxy ya same shi. Bai ce masa komai ba sai, "Rufe teburin nan, yunwa nake ji." Ya kai shi wajen mai garba, abincin bakin titi, ya sa aka zuba masa aceke, wato dambun rogo, da kifi har ya ƙoshi. Ya raka shi masallaci suka yi la'asar. Sai da suka fito, suka zauna a inuwa, sannan ya dafa masa kafaɗa da hannun nan nasa mai guntun yatsa ya ce, "Shamsu, ka san dukkanmu baƙi ne a duniyar nan."

Guntun yatsan nan shi ya fara gani ranar Talata, a kan kwalta, kusa da robar nama da ta kife.

*

Ɗakin Inna Tsahara, mahaifiyar Kalla, yana can ƙarshen tsakar gidan. Matan da ke zaune da ita suka tashi ɗaya bayan ɗaya da suka ga wanda ya shigo. Tana zaune a kan tabarma, ta jingina da gado, carbi a hannu. An raba ɗakin da labule, a bayansa matar Kalla, Hafsatu, take zaman takaba. Ƙafafunta kawai ake gani.

Shamsu ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Yaya."

"Amin. Matso. Na saba ganinka ɗan ƙarami a cikin waya, ashe ka yi tsawo haka."

Ya matsa da gwiwa. Alhaji Harouna ya tsaya a ƙofa, ya harɗe hannuwa a baya.

"Ka san kullum da kai nake shan shayi?" in ji ta. "Hafsatu tana jingine min wayar a jikin buta. Talabijin ɗinsu duk Faransanci ne, ni kuwa na tsufa ban iya ba. Kai ne kake min Hausa da safe. In ka ce jama'ar Roxy ina kwananku, har amsawa nake."

"Inna..."

"Bari in gama. Ranar ina jin ƙarar, na ga ka ruga da wayar. Na ce wa Hafsatu, Allah sarki, ɗan wani. Sai ka matsa. Idona ba ya gani sosai, amma yatsan nan ni na ɗaure shi da tsumma ranar da wuƙar ubansa ta cinye shi. Yana ɗan shekara tara."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Na ga bakinsa yana motsi. Na yi ta kiranka, Shamsu, Shamsu, durƙusa ka laƙƙana masa. Tsufa, na manta murya ba ta zuwa can. Hafsatu ta ce sai dai a rubuta."

Daga bayan labule muryar Hafsatu ta fito, a dishe.

"Na rubuta da Hausa. Na rubuta da Faransanci. Na ce Shamsu Kalla ne, ka ajiye waya ka laƙƙana masa shahada. Na yi ta turawa har yatsana ya ƙage. Ka gani ko ba ka gani ba?"

Alhaji ya yi gyaran murya. "Hafsatu, rubutun nan gudu yake kamar ruwan famfo, wa zai iya..."

"Baba Alhaji, shi na tambaya."

Shamsu ya gani. Rubutun ya hau tsakanin jajayen zukata da masu tambaya a wane layi ne, ya ɓace, ya sake hawowa. Har hoton Hafsatu ya gani a gefen sunanta, na ranar sallah, ita da Kalla.

"Na gani, Tanti."

Ƙafafun da ke ƙarƙashin labule suka janye.

"Daga nan sai ɗana ya ɓace," in ji Inna, kamar ba ta ji ba. "Fuskarka ta cika wayar. Kana ta magana, kana cewa a kira pompiye masu agajin gaggawa, a tura wa wasu su gani. Ina leƙa bayan kunnenka ko zan hango shi, ba na ganin komai sai allon wani kanti. Da ka sake juyawa an riga an rufe shi da zane. Abin da na gani lokacin da ran ɗana yake fita, fuskarka ce."

Ba kuka take yi ba. Da kuka take yi da ya fi masa sauƙi.

Tun ranar yake gaya wa kansa cewa don ya suturta Kalla ya juya kyamarar. Kuma akwai gaskiya a ciki. Amma maɓallin kashewa yana nan kusa da na juyawa, tazararsu ba ta kai faɗin yatsa ba. Lambar masu kallo tana hawa yadda bai taɓa gani ba. Yatsansa ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, kuma ba wanda ya riƙe masa hannu.

"Ban kira ka don in tsine maka ba," in ji Inna. "Kalla yana sonka, ba zan ɓata masa ba. Abu ɗaya nake so. Kai kana kusa. Da bakinsa yake motsi, me ya ce? Ya yi shahada?"

Alhaji Harouna ya sake gyaran murya, a hankali.

Kalma ɗaya ce. Idan ya faɗe ta tsohuwa za ta sha kunu yau, samarin da ke rumfa za su ba shi hannu, Alhaji zai ce yaron ya gyara. Wa za ta cuta? Ya nemi wanda za ta cuta bai samu ba. Sai dai ya lura cewa duk wanda kalmar za ta sauƙaƙa wa, shi ne a kan gaba. Ranar Talata ma abin da ya fi masa sauƙi ya zaɓa.

"Inna, ban ji ba."

"Hayaniya ta yi yawa?"

Ga ƙofa ta buɗe masa da kanta. Ya ji Alhaji ya saki numfashi.

"Ba hayaniya ba ce. Ban saurara ba. Na gane shi tun kafin Tanti ta rubuta, da yatsan na gane shi. Na ji tsoro, na ba shi baya, na ci gaba da magana da waya. Ban durƙusa ba, Inna. Ko taɓa shi ban yi ba."

"Hajiya, yaron a ruɗe yake," in ji Alhaji da sauri. "Ɗazu a waje da bakinsa ya ce min..."

"Harouna." Ba ta ko dube shi ba. "Tun kana tallan hanji a faranti na san ka. In za ka yi ƙarya hancinka kake shafawa. Na gode da tausayi, amma bar shi."

Alhaji ya sauke hannunsa daga fuska.

Ana jin ƙarar cokula daga inda mata ke rabon shinkafa. Inna ta ja carbinta ɗaya, biyu, ta tsaya.

"Da ka ce min eh, da na karɓa," ta ce. "Da na yi barci yau. Gobe in tashi in fara tunanin yadda mutumin da ke kallon waya ya ji abin da ake faɗa a bayansa."

Ta gyara zama.

"Akwai wani hannu. Kafin ka juya, na ga hannun mace ya shigo ta gefe ya ɗaga kansa daga kwalta. Zanenta rawaya ne. Wace ce?"

Shamsu ya runtse ido. Ya tuna zanen, don shi aka rufe Kalla da shi. Fuskar matar kuwa bai duba ba.

"Ban san ta ba, Inna. Mai wucewa ce, ina jin."

"Ita ta ji abin da ya faɗa. Nemo min ita."

"Inna, Roxy ce fa. Mutanen da ke ratsa wurin kafin azahar sun fi na garin Maradi."

"Yadda ka kawo min mutuwarsa har cikin ɗaki, haka za ka kawo min ita. Ina wayar?"

Ya dafe aljihunsa.

"Na rantse ba zan sake buɗe direk ba. Da Alƙur'ani a hannuna na rantse."

"Rantsuwa tana da kaffara, ka yi azuminka. Ka rantse ne don ranka ya yi sanyi, ni me na samu a ciki? Kunna."

"Hajiya, a gidan makoki?" in ji Alhaji. "Mutane za su ce me?"

"Ba ni zai nuna ba, ba Hafsatu ba. Fuskarsa zai nuna. Ita ya iya nunawa."

Shamsu ya ciro wayar. Da ta kunnu sai ta hau tsuwa ba ƙaƙƙautawa, saƙonnin kwana biyu suna shigowa a kan juna. Mabiyansa sun ninka abin da ya bari. Ya jingina bayansa da bango inda ba abin da zai fito sai farin fenti, ya danna.

Lambar ta fara hawa nan take.

Abin da ya fi ba shi kunya a duk ranar, kuma ba wanda ya gani, shi ne yadda wani abu ya yi tsalle a ƙirjinsa da ya ga tana hawa. Irin tsallen da yake yi kullum. A ɗakin uwar Kalla, da ƙamshin turaren makoki a hancinsa, abin bai mutu ba.

Rubutu ya fara gudu. Wasu suna zaginsa, wasu suna cewa yako, wasu suna tura zukata. Wani ya rubuta, yau kuma wa ya mutu?

Bai ce jama'ar Roxy ina kwananku ba.

"Sunana Shamsuddin," ya ce. "Mutumin da na nuna muku ranar Talata yayana ne, sunansa Kalla. Na san shi ne, ban taimake shi ba. Akwai wata baiwar Allah mai rawayan zane da ta riƙe kansa. Mahaifiyarsa tana nemanta. Wanda ya san ta, don Allah ya gaya mata."

Ya maimaita da Faransanci. Ya maimaita da ɗan Julancin da ya iya. Sannan ya sake daga farko.

A waje hayaniyar rumfa ta canza. Samarin sun buɗe wayoyinsu, yana jin muryarsa tana dawo masa daga tsakar gida, a makare kaɗan. Daga bayan labule ma ya ji ta, ƙasa-ƙasa. Hafsatu ta kunna tata.

Aka daɗe. Wani ya ce matar tana sayar da lemo a Abobo, wani ya ce ƙarya ne, 'yar Bromakoté ce. Wata ta ce a ba ta lambar waya za ta yi bincike. Kunun da aka ajiye wa Inna ya yi fata a sama. Maƙogwaron Shamsu ya bushe, amma duk sanda ya yi shiru sai Inna ta ce, "Ƙara faɗa."

Ana gab da kiran azahar wani suna ya bayyana, Akissi, da hoton mace a gaban kaskon suyar ayaba. Da Faransanci ta rubuta, guntu-guntu.

Ni ce. Zanena ne.

Shamsu ya miƙe zaune. "Inna, ga ta. Ta ce ita ce."

Carbin ya faɗi a kan tabarma. "Tambaye ta."

Ya tambaya. Ya roƙi sauran su dakata da rubutu, kuma abin mamaki, suka rage. Alhaji Harouna ya shigo ɗakin sosai ya tsuguna.

Amsar ta zo layi-layi.

Ni Kirista ce, ba na jin yarenku. Na yi masa addu'a irin tamu.

Ya yi magana, eh.

Kalma ɗaya ya yi ta maimaitawa, yana miƙa hannu wajen mai wayar da ya ba mu baya.

Shamsu. Shamsu. Har ya daina.

Ban san ma'anarta ba. Addu'arku ce?

Shamsu ya karanta. Ya sake karantawa. A cikin wayar yana ganin fuskarsa, baki a buɗe, zukata suna ta hawa ta gefenta.

Bayan labule muryarsa da ke fita daga wayar Hafsatu ta ɗauke. Ta kashe sautin.

"Ta amsa?" in ji Inna. Ta matso har gwiwarta tana taɓa tasa, tana leƙen rubutun da ba za ta iya karantawa ba. "Na ga idonka ya tsaya. Me ta ce ɗana ya faɗa?"

Ya sake duban rubutun.

Labulen ya motsa kaɗan.

"Karanta mata, Shamsu," in ji Hafsatu. "Ko ni in karanta?"